In'inar Gillian Staniforth

Gillian Staniforth da in'inarta ta tashi, a unguwar Walkley ta birnin Sheffield. Tun tana firamare ta gane maganin dariyar yara shi ne kama baki, sai ta zama yarinya mai gyaɗa kai da murmushi. Da ta gama makaranta ta bi sawun mahaifiyarta zuwa masana'antar cokula, inda ƙarar injin goge ƙarfe ke hana kowa hira. Aikin ya yi mata daidai.

Tana da shekara goma sha tara ta haɗu da Clive Oldroyd, wani dogon saurayi mai rambaɗa kwalli, wanda aka sallama daga kamfanin ƙarfe kamar rabin samarin garin. Shi da abokinsa Nev sun kama ɗaki a saman wata tsohuwar maƙera, sun cika shi da wayoyi da rikoda da kibod, suna haɗa irin kiɗan lantarkin da matasa ke yayi a lokacin. Clive ne mutum na farko da bai taɓa ƙarasa mata zance ba. In kalma ta maƙale mata, sai ya karkata kai ya zuba mata ido har ta fito. Ita ta ɗauka haƙuri ne.

Wata Asabar da rana, a shekarar 1981, ta hau ɗakin da ƙunshin kifi da soyayyen dankali. Clive bai taɓa abincin ba. Ya ce mata za su koma Landan, shi da Nev da wata mawaƙiya, kuma babu wurinta a tafiyar. Ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa. Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita, ta yi ta kokawa da ita cikin kuka.

“Da-da-da-dakata,” ta ce daga ƙarshe.

Bai dakata ba.

Da bazara ta zagayo, tana cin abincin rana a ɗakin cin abincin masana'anta, rediyo ya sako wata sabuwar waƙa. Ganga ta inji, kibod mai sanyi, muryar Clive. Da aka zo amshi sai ta ji kanta. An yanko muryarta an jera ta a kan kiɗa, har da shessheƙar da ke ƙarshe. Cokali ya suɓuce mata. Wata Bev, wadda suke goge ƙarfe tare, ta kalli rediyo ta kalle ta, ta tuntsire da dariya.

Sunan waƙar ma “Da-Da-Dakata”. Kafin ƙarshen wata ta haye saman jerin waƙoƙin ƙasa, ta zauna daram har damina ta wuce. Ta tsallaka Jamus da Japan. A talabijin wata farar ƙosasshiyar yarinya ce ke motsa baki a wurin amshin, tana kaɗa kafaɗa. Amma Sheffield ta san mai muryar. Yara kan bi ta a baya suna rerawa. Kwandastan bas ya taɓa tsayar da mota ya ce wa fasinjoji su da-da-dakata, tauraruwa za ta hau. A coci ma sai da ta ji ana raɗa amshin a bayanta.

Ta kai kuka wurin mahaifiyarta, ita kuwa ta ce abin da ya fi komai zafi.

“Ke kika kai kanki, 'yar nan. Wa ya aike ki roƙon namiji? Share hawaye ki fere dankalin nan.”

Gillian ta fere dankali. Amma daga wannan shekara ta fara zuwa ajin gyaran magana a asibiti, tare da ƙananan yara da tsofaffin da ciwon shanyewar jiki ya taɓa. Ta koyi jan numfashi, ta koyi lallaɓa kalma kamar mai ɗauke da ƙwai. Shekaru ta kwashe a haka. Da masana'antar cokula ta rufe, sai ta nemi aikin da kowa ya ce ta yi hauka: amsa waya a ofishin tasi da tura direbobi ta oba-oba. Ta samu, ta kuma iya. Direbobi suka riƙa cewa muryar Gill ta fi shayin safe. Ba ta yi aure ba, amma tana da gidanta da lambunta da kare.

Waƙar dai ba ta mutu ba. Ana sa ta a bukukuwa, an yi tallan mota da ita, jikokin waɗanda suka yi rawarta sun gaje ta. Da waƙar ta cika shekara talatin, wani gidan talabijin ya shirya fim kan tarihinta. Wata mai shirya shirin, Philippa, ta zo har gida da furanni, bakinta kamar zuma. Ta ce lokaci ya yi da duniya za ta ji labarin daga bakin mai shi. Gillian ta yi ta jan ƙafa, daga baya ta yarda.

Ta zauna gaban kyamara da sabuwar riga, ta yi magana tiryan-tiryan. Ta faɗi ranar Asabar ɗin, da bas, da coci, da ajin yara. Sau ɗaya tak harshenta ya sarƙe, lokacin da Philippa ta jefo mata tambaya ko har yanzu tana son Clive.

Ranar da aka nuna shirin, 'yan ofis suka taru a ɗakin hutu. Aka nuno Clive, ya yi sanƙo da tumbi, yana zaune gefen kwamin wanka a ƙasar Sifen. Aka tambaye shi yadda aka yi ya dace da wannan murya.

“Dace? Ba dace ba ne,” ya ce yana dariya. “Na daɗe ina sauraron bakin nan nata, na san akwai kiɗa a ciki. Amma sai ranta ya ɓaci yake fitowa da kyau. Sai da na danna rikoda tukuna na ce mata mun rabu.”

Sai ga Gillian. Duk bayaninta an zubar. Wurin da ta sarƙe kaɗai aka bari, aka maimaita shi, aka ɗora masa gangar waƙar. A ƙasa aka rubuta: “Har yanzu kiɗan na bakinta.”

A ɗakin hutu, wani sabon direba ya kasa riƙe dariya, ya fita da gudu.

Washegari ta zo aiki a kan lokaci. Wayar farko ta shigo, ta ɗauka, ta buɗe baki, sunan kamfanin ya ƙi fita. Mai kiran ya yi ta “Halo, halo” har ya gaji ya kashe. Ta biyu ma haka. Manaja ya ba ta hutu, da hutun ya ƙare ya ce mata cikin ladabi fasinjoji ba sa iya jira.

Ta sayar da gidan, ta koma wurin ƙanwarta a Cleethorpes, bakin teku. Yanzu takan fita da karen da sassafe, kafin shaguna su buɗe su kunna rediyo. Maƙwabta sun ce tsohuwa ce mai kirki, sai dai ba su tabbata ko tana ji da kyau ba, don ko an gaishe ta sai gyaɗa kai da murmushi.