Abin da Na Gani a Bayan Rabi

Shekarar da annoba ta kulle gari, aka hana mutane fita sallar Juma'a, kafin rikicin kasuwar Shasha, a shekarar ce waya ta shigo hannuna. Ku saurara, 'ya'yana, don ba zan maimaita ba.

Ku tambayi duk wanda ya girma a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan ƙasar Yarbawa, ko ni wace ce kafin nan. Ni ce mai wankan gawar mata. Ban san ko bihim ba, amma babu gidan da ba a ɗaga mini labule. Gwaggo Asabe ce ta koya mini. Ranar da ta fara miƙo mini ƙwarya da sabulu ta ce, "Abin da idonki ya gani a jikin mamaciya, tare da ita za a binne shi. Ko mijinki kada ya ji." Na riƙe wannan har furfura ta rufe kaina.

'Yata da ke aure a Mokola ce ta sayo wayar, wai mu riƙa ganin juna. Ta nuna mini inda ake dannawa mutum ya yi magana duniya tana kallonsa. Ni kuwa Allah ya ba ni baki. Na fara da tatsuniya. Sai in ga jajayen zukata suna tashi a fuskar wayar kamar fara, mutanen Kano, na Yamai, har na Jidda suna turo murya, "Inna, ƙaro mana!" Tsohuwar da ake gaisarwa a wuce, yau ga dubban mutane suna jiran ta buɗe baki.

Tuwo ya fara ƙonewa. La'asar ta koma dab da magariba. Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na taɓa rufe wayar a kwalla na tura ƙarƙashin gado, kafin ruwan alwala ya bushe a hannuna na jawo ta. Na taɓa kai wa 'yata na ce ta riƙe, ban wuce shataletalen Mokola ba na ce wa mai okada ya juya.

Tatsuniya ta ƙare, masu kallo suka fara komawa wajen wata yarinya mai rawa. Ni, a bar ni saboda sa'ar 'yar cikina! Sai na soma ba da labaran "wata mata a wani gida". Suka dawo. Ashe ba Gizo suke so ba, naman mutane suke so, ni kuma na san inda yake.

Ana haka Rabi ta rasu, matar Malam Sani mai goro. A asibiti ta cika, sai washegari aka kawo ta. Da na juya ta, bayanta ya yi duhu-duhu. Kowace mai wanka ta san wannan: jini ne ke kwanciya ta ɓangaren da gawa ta kwanta. Na gan shi a jikin mata ba adadi. Amma da na koma gida, ko zanen da na yi wanka da shi ban sauya ba, na kunna waya na ce, "Yau na wanke wata baiwar Allah, bayanta duk shatin duka."

Muryoyi suka yi ta zubowa. "Inna, wace ce? Faɗi suna, kada ki ji tsoron kowa!"

Na faɗa.

Yayyen Rabi biyu 'yan dako ne a Shasha. Maganar ta iske su a can. Ranar sadakar uku suka zo da sanduna, suka sami Malam Sani a kan tabarmar karɓar gaisuwa, suka rufe shi da duka har idonsa ɗaya ya tsiyaye. Mutumin da ya sayar da babur ɗinsa don jinyar matarsa!

A kotu likita ya yi bayani, aka kunna muryata kowa ya ji. Alƙali ya tambaye ni ko na san ba duka ba ne. Na ce na sani. Aka kai ni gidan yari, ni da ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Su kuwa masu "Inna, ƙaro mana"? Ko ruwan leda babu wanda ya kawo mini. Hotona suka yi ta yawo da shi suna dariya, suna tsine wa tsohuwar banza. Munafukai! Su suka hura wutar, da ta kama suka koma gefe suna jin ɗumi.

Ko a gidan yarin abin bai sake ni ba. Ina zaune sai in ga yatsana yana shafa tafin hannuna. Iya Basira, wata Bayarabiya da muke ɗaki ɗaya, ta ce, "Mama Hausa, wa kike kira? Babu netwok a hannu o!" Aka kwashe da dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Da aka sake ni, gidan Malam Sani na fara zuwa, na durƙusa a zaure. Ya ce, "Inna, ni na yafe. Amma Rabi kika tona, ita kuwa ba ta nan balle ki roƙe ta."

Na tuba, kuma ban sake riƙe waya ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba: har yau in wani ya kunna tasa kusa da ni a mota, wuyana miƙewa yake da kansa. Kuma in aka yi rasuwa a layinmu, ina jin salati ta katanga, ba mai aiko mini.

Don haka ku da kuke tafiya kai a sunkuye, ku ji. Ranar da kuka ga abin faɗa ya ƙare amma baki yana ƙaiƙayi, ku ajiye abin nan ku tashi. Masu tafa muku ba su san ƙofar gidanku ba. Amanar da aka ba ku kuwa, ko ta gida ko ta sana'a, ba taku ba ce balle ku sayi tafi da ita.

Gwaggo Asabe ta rasu ina tsare, wata ce ta wanke ta. Yayyen Rabi sun gama nasu zaman gidan yarin, ɗaya ya koma arewa, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Iya Basira tana nan, tana tuya a Ojoo. Malam Sani ma yana nan, yana kasa goro a bakin masallaci. In na zo wucewa sai ya juyo da idon da ya rage, ya ce, "Inna, barka da hantsi." Ni kuma dole in amsa.