Kawu, Baƙo a Gidansa na Guangzhou

Da na gama digiri a Guangzhou ban koma gida ba. Na samu aiki a wani ofishin tura kaya a benen Tianxiu, ina yin tafinta tsakanin 'yan kasuwarmu da masu masana'antu. Ba zan ce na ƙware a Sinanci ba, amma ina ji, kuma ina karanta takarda in an ba ni lokaci. Shi ya sa duk wata takardar kawuna, yayan mahaifiyata, take biyowa ta hannuna.

Kawu ya daɗe yana sarin leshi da shadda daga nan zuwa Kantin Kwari. Lokacin da yake da ofishinsa da izinin zama, ya sayi gida, ɗaki biyu da falo a hawa na goma sha ɗaya, ba nisa da unguwar Xiaobei. Bayan annoba ya rufe ofishin, ya miƙa wa 'ya'yansa kasuwancin, izinin zaman ya bi ofis ya tafi. Gida ne ya rage. Ya ce na hutu ne. In Kano ta ishe shi da ɗaurin aure da sulhu da masu sallama tun da asuba, zai zo ya yi wata uku ko huɗu, a yi masa maganin gwiwa irin na Sinawa, ya yi Juma'a da tsofaffin abokai.

Bizar da aka ba shi kuwa wata ɗaya ce a kowace shiga.

Ranar da ya iso, mai gadin bene ya miƙe yana dariya, ya ce, "Lauban!" Mutanenmu suna fassara wannan kalma da maigida. Kawu ya dafa kafaɗata.

"Ka ji ko? Bai manta da ni ba."

Na ce na ji. Daga nan muka wuce ofishin 'yan sandan unguwa, domin a nan duk inda baƙo ya sauka sai an sanar da su. Jami'ar ta tambayi gidan wa ya sauka, na ce nasa. Ta tambayi wane ne baƙon, na ce shi ne. Da na fassara wa Kawu sai ya yi ta dariya har muka fito titi.

"Wato na sauki kaina ke nan. To Allah ya ba ni haƙuri da baƙona."

Da wata ya raba, na fara kawo maganar. Na kawo ta yadda na saba kawo magana gaban manya. Na ce kamar ya kamata mu duba jirgi, domin ina jin lokacin da suka rubuta ya kusa, kuma wataƙila ba su duba ko mutum yana da gida. Muna cin tuwo ne a falonsa tare da amininsa, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sarin kayan babur. Kawu ya ajiye loma.

"Malam Wataƙila. Kamar, ina jin, wataƙila. Wannan suka koya maka shekara huɗu?"

Ɗan Maraɗi ya ce, "Alhaji, yaron nan gaskiya ya faɗa. Papiye papiye ne, takarda ba ta san kowa ba. Ni da ka gan ni, ranar da aka rubuta min, ranar nake filin jirgin Baiyun, ko miya tana kan wuta."

"Kai ai ɗan haya ne. Ɗakin otal ɗinka ko akuya ba ta juyawa a ciki. Da me za ka zauna?"

"Ni ɗan haya, kai ɗan biza. Uwarmu ɗaya."

Suka yi dariya, amma Kawu da gaske yake. Kakanmu fataucin goro ya kai shi Gwanja, ya sauka a gidan wani, bayan shekaru ya gina nasa, ya koma shi ke saukar fatake. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiransa baƙo. Haka Kawu ya san duniya: baƙo shi ne wanda ke kwana a tabarmar wani. Wanda ke da ƙofa da makulli ya zama ɗan gari. Ga shi su kansu Sinawan, da bakinsu, suna ce masa maigida safe da yamma.

Na yi ƙoƙarin gaya masa cewa lauban ba ta kai maigida nauyi ba. Mai sayar da ayaba ma haka yake ce wa duk wanda ya tsaya gaban kekensa. Ni kaina mai gadin nan lauban yake ce min, ni da nake raba ɗaki da wani. Kawu ya ce ai ladabi ne ake yi min albarkacinsa.

Na lallaɓa shi muka je ofishin shige da fice neman ƙarin lokaci, da takardar mallakar gidan a cikin jakarsa ta fata. Jami'in ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya mayar da hannu biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce gida nasa ne, ba mai taɓa shi, amma gida ba dalili ba ne na zama. Kawu bai jira fassara ba, domin akwai kalma ɗaya da kowane ɗan kasuwa ya sani.

"Meyo ya ce?"

"Meyo ya ce, Kawu. Babu."

A cikin tasi na yi abin da ban taɓa yi ba. Na cire duk wani kamar daga bakina. Na ce, "Kawu, in ranar ta wuce kana ƙasar nan, ka karya doka. Za su iya tsare ka, za su iya hana ka dawowa. Ka fita, ka sake shigowa, gidan yana nan." Ya daɗe yana kallon gadar sama da muke bi ta ƙarƙashinta.

"Da gwiwar nan zan yi ta hawa jirgi ina sauka kamar ɗan dako? Na biya kuɗin gidan nan har ƙarshe. Ban ci na kowa ba. In sun zo, in buɗe musu ƙofata, in ba su shayi."

Na kira babban ɗansa a Kano, ya ce Baba ba ya jin maganarsu, ni da nake kusa in yi ƙoƙari. Na kama wa Kawu kujera a jirgi, ranar tafiya ya ce yana da alkawari da mai maganin gwiwa. Ɗan Maraɗi ya tafi a ranarsa, kamar yadda ya faɗa. Kafin ya shiga mota ya riƙe hannun Kawu ya daɗe, bai yi wasa ko ɗaya ba.

Ranar ta wuce, ba abin da ya faru, kuma wannan shi ya fi komai muni, domin Kawu ya ɗauka hujja ce. Kullum da na shigo sai ya ce, "Malam Wataƙila, yau ma ba su zo ba." Ni kuwa abinci ya daina shiga. In ina gidan na ji an ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta sai in miƙe in leƙa. Kawu ya yi makonni a haka, yana shayar da zogalen da ya shuka a bokiti a baranda.

Ba gida suka zo ba. A bakin tashar jirgin ƙasa aka tsayar da shi wata Juma'a bayan an sauko masallaci, aka ce ya nuna fasfo, ya nuna. Mai gadi ne ya ga an dawo da shi ɗaukar magungunansa, ya kira ni. Ban san duk abin da ya faru a inda aka ajiye shi ba, shi ma bai taɓa ba ni labari ba. Na dai san da na gan shi a Baiyun ranar da aka fitar da shi, rigar ta yi masa yawa, kuma ba hula a kansa. Ban taɓa ganin kan Kawu ba hula a waje ba. An ce masa ba zai shigo ba sai bayan wasu shekaru. Ya miƙo min makulli bai dube ni ba.

"Ka riƙa buɗe tagogi."

Ban gaya masa cewa ba a buɗe taga a wannan lokacin ba. Akwai wasu makonni kafin zafi ya kama da iskar garin nan take jiƙewa, bango ya yi ta gumi, ƙasa ta yi santsi. In ka buɗe, ruwan ne zai shigo. In ka rufe, gidan da ba kowa ya yi wari. Nakan je ranar Lahadi da bokiti da tsumma. Duk da haka baƙin tabo ya kama silin ɗakinsa, dardumar sallarsa ta yi fumfuna har na naɗe ta na sa a leda. Zogalen ya mutu tun a sanyin farko. Mai gadi yana ganina da bokiti sai ya miƙe ya ce lauban.

'Ya'yansa sun so a sayar, ya ƙi. Yanzu gwiwar ta zaunar da shi, a kujera yake sallah. Yakan kira ni bayan Juma'a, ya tambayi gida, in ce lafiya lau. A kiran baya-bayan nan sai ya ce, "In shekarun sun cika, za su ba ni biza?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyata ke nan, ba wanda ya yi min alkawari, kuma wanda aka taɓa fitarwa ba kasafai ake saurin buɗe masa ba, a yadda nake ji.

"Ko wataƙila babu?"

Ina tsaye a falonsa, tsumma a hannuna yana ɗiga a kan tayil. Na ce, "Akwai wataƙila, Kawu."

Ya ce to, in bar masa dardumarsa inda take.