Wasan da Na Ajiye wa Yayana

Ƙasashe huɗu ne a rukunin da aka saka ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, biyu daga ciki za su wuce zuwa gasar nahiya. Kowace cikin sauran ukun za ta zo mana gida sau ɗaya, wasa uku ke nan a babban filin Yamai. Yayana kuwa ido ɗaya ya rage masa, na hagu, don na dama ya daɗe da rufewa. Abin da ya roƙe ni shi ne in kai shi ya ga wasa ɗaya cikin ukun tun wannan idon yana aiki. Na ce masa ya ɗauka an gama. A lissafina, dama uku ga buƙata ɗaya ciniki ne da ba a faɗuwa a cikinsa.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Filinge. Da kaka nake sayen wake da gero, lokacin da kaya ya cika kasuwa manomi kuma yana gaggawar sayarwa, in zuba a mangaza, in sa magani, in rufe, in jira bazara. Ban yi karatun zamani ba, kuma ba wanda ya bar mini gado. Duk abin da na mallaka, iya jira ne ya ba ni shi. Yayana ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma waken gonarsa na fara aunawa a tiya ina saurayi. Shi bai taɓa barin ƙauyenmu na cikin Kurfai ba, bai kuma bar hanyar kakanni ba. Ni na kama salla har na je Makka, shi yana nan da abin da ya gada, ba mu taɓa sa-in-sa a kan haka ba. In ya so tsokanata sai ya ce mini Alhajin wake.

Ta radiyo ya san ƙwallo. Yana da wata tsohuwar radiyo da ya ɗaure da roba, in ƙasarmu na wasa sai ya rataye ta a jikin rumbu ya zauna ƙarƙashi. Samarin ƙauye kan ce masa ya roƙa mana iskoki su taimaki ƴan wasanmu. Sai ya ce iskoki na ruwan sama ne da ciwo, ba a tashe su don wasan yara. Amma duk ranar da aka ci mu, matarsa ta san tuwonsa zai kwana.

Da na sayi tele na kafa a rumfar da ke gaban mangazata, na zaci buƙatarsa ta biya. Ya zo ya kalla sau biyu, ya ce bai gamsu ba. Mutanen ciki ba su fi fara girma ba, kuma mai ɗaukar hoton ƙwallo kaɗai yake bi.

"Ni waɗanda ba su da balo nika son in gani," ya ce. "In na yi gayya, ba mai noma gabana nika kallo ba. Na baya nika kallo, in san ko aikin na tahiya."

Wannan ne ya sa yake son filin kansa, inda mutum zai zauna sama ya ga kowa.

Zancen idon kuwa na san shi. Wasu likitocin ido sun taɓa zuwa garinmu na kai shi, suka ce ba yana ba ce da ake cirewa, jijiyar ce ke mutuwa a hankali. Suka rubuta maganin ɗigawa, suka ce yana rage saurin abin amma ba ya mayar da abin da ya tafi. Ni nake saya masa, ban taɓa bari ya yanke ba. Da yake har lokacin yana gane shanunsa daga nesa, kuma shi ba mutum ne mai ƙorafi ba, sai na ɗauka muna da sarari.

Wasa na farko ya faɗo a farkon damina. Na shirya mota, na gaya wa abokin cinikina na Yamai ya tanadar mana masauki. Ana gobe tafiya, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas aka yi ruwa mai kyau, na farko a shekarar. Ban ma tura a tambaye shi ba. A ƙasarmu, washegarin ruwan farko ba a tafiya ko'ina. Rairayi ba ya riƙe laima, wanda bai jefa iri a kwanakin nan ba sai ya jira wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa. Ya yi shukarsa, ya ji wasan da yamma hannunsa duk ƙasa. Aka tashi kunnen doki. Na ce a raina saura biyu.

Na biyu ya zo da kaka. A wannan karon shi ya shirya. Ya gama yankan gero, ya ɗaure dammuna, ya yi abin da yake yi wa kakanni kafin a taɓa sabon hatsi, sannan ya hau motar kasuwa ya iso Filinge da shuɗiyar rigarsa ta biki a cikin jaka. Ya zauna bakin mangaza yana jira in ce mu tashi.

Wake yana shigowa a lokacin kamar ba gobe, daga ƙauyukanmu har wajen Bonkuku, kuma masu saye daga ƙetaren iyaka sun cika gari. Sai dai ba zan jingina abin ga wake ba. Ina da mutanen da za su iya auna mini na kwana biyu. Abin da ya tsayar da ni lissafi ne. Ƙasar da za mu kara da ita ita ce mafi rauni a rukunin, kowa ya san za mu ci. Wasan ƙarshe kuwa, wanda za a yi da bazara, da manyan rukunin ne, masu ƴan wasa a Turai, kuma a ranar ne za a san wanda ya wuce. Idan mutum sau ɗaya zai ga fili a rayuwarsa, na ga bai kamata in kashe masa wannan damar a kan kaya mai araha ba. Haka na shimfiɗa masa zancen, yadda nake yi wa manomin da ya zo neman shawara ko ya sayar ko ya riƙe.

Ya saurare ni har na gama, yana murza goro a hannu.

"Kai komi sai ka aje shi ya yi tsada," ya ce.

"Yaya, ka taɓa ganin na ajiye na faɗi?"

"Ban taɓa ba. Amma wakenka kana sa mishi magani kada ƙwari su ci. Ni mi za ka sa min?"

Na yi dariya, na nuna masa aljihun rigarsa inda kwalbar maganin ɗigawa take, na ce ga nasa nan. Shi ma ya yi dariya. Bai sake tayar da zancen ba. Shi babba ne, ba zai roƙi ƙanensa abu sau biyu ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin yarda.

A rumfata muka kalli wasan. Muka ci su ci mai daɗi, filin ya cika har ba wurin aje ƙafa, mutane suna rawa a kan matakala. Na lura ya jawo kujerarsa gaba har gwiwarsa na taɓa teburin telen, ya karkata kai gefe guda kamar kaza na kallon shaho. Na gani, na kuma ce a raina wata huɗu ko biyar ba wani abu ba ne. Washegari ya koma ƙauye, rigar bikin ba ta fita daga jaka ba.

Cikin rani aka faɗa a radiyo cewa masu kula da ƙwallon nahiya sun aiko an duba filinmu, sun ce bai cika ƙa'ida ba, sai an gyara. Wasanmu na gida na ƙarshe a wata ƙasa mai nisa za a buga shi, wadda sai da jirgin sama. Na yi tambaya ko zai yiwu in kai shi can. Aka ce sai da fasfo, shi kuwa ko takardar haihuwa ba shi da ita, kuma lokaci ya ƙure.

Na hau babur na tafi ƙauye in gaya masa da bakina. Na tarar da shi a inuwa yana tuƙa igiyar kaba, idonsa ba ya kan hannunsa. Matarsa ta tare ni da ruwa, ta gaya mini a hankali cewa ya daina zuwa rijiya shayar da dabbobi, kuma yanzu sai mutum ya yi magana yake sanin ko wane ne. Na yi sallama. Labarin ya riga ni isa, radiyon na rataye a jikin rumbu.

"Alhajin wake," ya ce. "Kaya ya yi tsada, har ya hi ƙarhinmu."

Sai na tambayi lafiyar shanu.

Ranar wasan na tura mota ta ɗauko shi. Na sa masa kujera a gaban tele, ya ce a mayar da shi jikin bango a ba shi radiyo. Hoton ya nuna mana ƴan wasanmu a wani fili da ba kowa, kujeru fayau, wai shi ne gidanmu. Radiyo tana riga tele da ɗan lokaci kaɗan, don haka shi da ba ya gani shi yake fara sanin abin da ya faru. Muna tsaka da kallon ƙwallo a tsakiyar fili sai muka ji ya ja tsaki ya aje radiyon a ƙasa. Sai bayan nan muka ga an zura mana. Ba mu wuce ba. Rumfa ta cika da musu, wannan yana zagin alƙalin wasa, wancan yana lissafin makin da aka zubar tun farko. 

Kafin damina na kai shi babban asibiti a Yamai, duk da na san abin da za a ce. Likitan ya haska idon, ya ce babu abin da ya rage da za a ceto. Da muka fito, Yaya ya ce tun da mun zo, in bi da shi ta filin. Na yi wa mai gadi bayani, na ba shi goro, ya bar mu muka shiga.

Ana cikin gyara. An kwashe ciyawar duka, an tone ƙasar, ga tulin yashi da bututun ruwa ko'ina, ma'aikata na cin abinci a inuwa. Na riƙe hannunsa muka sauka. Ya tuɓe takalmi ya taka, ya tsaya.

"Ina hakin da anka ce?"

Na gaya masa an cire, za a dasa sabo. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya kai hanci. Ya ce an cakuɗa ta da taki mai kyau, amma gero ba zai so ta ba, ta cika riƙon ruwa. Ya ce in kai shi wurin raga. Na kai shi, sai dai an tumɓuke turakun, ramuka biyu kaɗai suka rage. Ya laluba ɗaya da ƙafa, ya bi a hankali har ya sami ɗayan, ya ce lallai mai tsaron wannan wuri yana da aiki, a daina zaginsa. Sannan ya tambaye ni tsawon wurin zaman mutane. Na ce ya kai dutsen da ke bayan Filinge, an yi masa matakala tun daga ƙasa har sama, ya kewaye filin.

"Daga can sama ana ganin kowa?"

Na ce ana gani.

"Haka na zata," ya ce. Ya nemi takalminsa, muka fito.

An gama gyaran daga baya, wasanni suka dawo gida. Na ce masa mu je ko don ya ji ihun jama'a a jikinsa. Ya ce ihu yana da shi a radiyo, kada in wahalar da mota. Na sake tayi wata shekarar, ya ba ni amsa iri ɗaya, na bari. Har yau bai taɓa ce mini na yi masa laifi ba. In na je ƙauye muna zama mu ji wasa tare, yana tambayata abin da ƴan baya ke yi, ni kuma in ce ban sani ba, mai magana a radiyo bai faɗa ba.

Waken wannan shekarar ya yi kuɗi fiye da na kowace shekara da na sani, da shi na gina mangaza ta biyu. Mutane har yanzu suna ba da misali da ni in ana zancen iya riƙe kaya. In na zauna na auna, ruwan sama ya ɗauke wasa ɗaya, masu duba fili sun ɗauke ɗaya, waɗannan ba hannuna a ciki. Na tsakiya yana hannuna. Mota na nan, hanya lafiya, mutumin yana zaune bakin ƙofata da idonsa. Kaya ne da ba ya ajiyuwa, ni kuma na ajiye shi. A kasuwa na sha faɗuwa ina mayarwa shekara mai zuwa. Wannan kam ban mayar ba, kuma ba kasuwar da zan je in mayar.