Takardar Auna Baƙin Ciki

Bom ya tashi a inda nake jiran fasinja. Ya kashe mutum biyun da ke gefena, ni ya bar min kunne ɗaya mai ji. Babur ɗina ya ƙone. Ko da bai ƙone ba, ba a daɗe ba aka hana acaɓa a Kano. Na koma tuƙa a-daidaita-sahun wani Alhaji.

A nan wata malamar jami'a ta same ni. Fanninta halayyar ɗan'adam, wato abin da ke cin mutum a zuci. Ita kan ɗauki ɗaliban da sauran malamai ba sa rububinsu, 'ya'yan ƙauye da na talakawa. A shekarar ta haɗa ni da wata 'yar Fulani, ta farko a rugarsu da ta taka jami'a. Aikin yarinyar na ƙarshe shi ne ta shiga cikin gari ta auna yadda tashin hankalin ya taɓa zukatan mutane. In babu aikin, babu digiri, kuma a rugarsu akwai masu jiran ta dawo hannu wofi don kada a sake tura wata. Ni nawa in kai ta, in dawo da ita kafin dokar hana fita.

Takarda ta zo da ita, daga Turanci aka juyo ta. Sau nawa kake baƙin ciki a mako: kullum, wani lokaci, ko ba ka yi. Mako uku muna zaga lungunan Ƙofar Na'isa. Ta tambayi wani dattijo da ɗansa ya fita sayen gawayi bai dawo ba.

"Baba, kana yawan baƙin ciki?"

"Da hukuncin Allah? Alhamdulillahi, 'yata."

Ta sa alama a "ba ya yi". Haka kowane gida. Da Malama ta duba sakamakon sai ta ce, "Ashe babu masu kwanciyar hankali a duniya kamar waɗanda aka jefa wa bom." Ta ba ta mako biyu ta gyara.

Yarinyar ta yi kuka a bayan keke. Na bar ta ta gama. Sannan ta ce, "Baba, kai ma cewa ka yi lafiyarka ƙalau."

"Ƙalau."

"To me ya sa kullum muke zagayawa ta bayan ganuwa, ga hanya miƙe?"

"Fetur ne ya yi min yawa."

Ba ta yi dariya ba. Na ce, "Ke fa Bafulatana ce. Ku da ake tsula wa sanda a sharo kuna murmushi, a gidanku wa ya taɓa cewa ya ji zafi? Kin sani sarai, boko ne ya mantar da ke. Mutum ba zai kai ƙarar Ubangijinsa wajen yarinya mai biro ba. Kada ki tambaye shi kansa. Ki tambaye shi maƙwabcinsa."

Washegari ta bar takardar a keke. Ta shiga gidan wata Hajiya mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta gaishe ta, ta sha ruwa, ta tambayi mutanen layin.

"Ni dai ba komai," in ji Hajiya. "Amma akwai wata a nan, in taya ta fashe sai ƙafafunta su mutu. Ta daina zuwa kasuwa. Kullum mafarkinta takalmi ne ƙafa ɗaya a tsakiyar titi."

Da ta fito ta ba ni labari, na ce, "Ke kin san mafarkin maƙwabciyarki?" Sai ta ɗauko littafinta.

Dattijon nan ma ya tuna da wani abokinsa da har yau yake sa a zuba tuwon mutum huɗu, alhali su uku suka rage. Daga baya ta koma gida-gida ta nemi izinin rubutawa ba da suna ba. Duk suka yarda, tunda ai maganar wasu ce.

Malama ta tambaye ta inda ta samo dabarar. Ta ce a wajen direba. Malama ta ce dabara ce mai kyau, sai dai masu jarrabawa ba za su karɓe ta haka tsirara ba. Suka raɗa mata dogon suna na Turanci, na yi ta ƙoƙarin faɗarsa na haƙura. Yarinyar ta ci. Ƙanwarta da 'yar baffanta sun biyo bayanta.

Yanzu ina tsayawa a bakin Ƙofar Kabuga, keken ya zama nawa. Duk shekara Malama tana turo min sababbi biyu ko uku, kowanne da takardarsa a jaka. A idon jami'a ni direba ne.