Waƙar Bazara a Kunnen Auta

Ban taɓa jin mutanen da suke yabon bazara ba sai Japanawa. Mu a Bagadaza, idan ta kama, kwanon ɗaki ya gasa mutum da rana, rijiya ta ja baya, yara su cika da ƙuraje. Amma ƙanwata, autar gidanmu, ta tara waƙoƙinsu a waya, wai duk na kewar bazara ne.

Ba ta jin yarensu ko kaɗan, amma ta haddace su tas. Ta ce asalinsu wasu 'yan mata ne suka rera tun kafin a haife ni, daga baya aka sake rera su a cikin katun. Na katun ɗin ta fi so. Akwai wadda take maimaitawa har ta ishe ni: yarinya mai manyan idanu tana gudu a bakin teku, iska ta ɗauke mata hula, sannan amshi ya shigo.

"Me suke cewa ne haka?" na tambaye ta wata rana ina kan keken ɗinki.

"Adda, cewa suke bazara ta wuce, ba za ta dawo ba."

"To Allah ya raka taki gona. Su zo Gombe mu ba su tamu kyauta."

Ta yi dariya ta ce ni ban san daɗi ba.

A bazarar da take aji biyu na babbar sakandare sanƙarau ya kama ta. Da ciwon kai ta fara, muka ce rana ce. Kafin mu farga wuya ya sandare. Ta daɗe a asibiti, ta tashi, amma kunnuwan ba su tashi tare da ita ba. Likita ya ja ni gefe ya ce da wuya jin ya dawo. Na faɗa wa Inna, ta ce likita ba Allah ba ne, kuma kada in sake kawo mata wannan maganar.

Daga nan Inna ta sa gidan a gaba. Ta jefar da murfin tukunya a bayan yarinyar, ta tsaya kallon ko za ta juyo. Ba ta juyowa. Inna ta rame har ta fi marar lafiyar, ni kuma haushin kowa nake ji.

Ana haka Auta ta koma wa waƙoƙinta. Ta sa abin ji na wayar a kunne, ta zuba wa katun ido, tana bi daidai da bakin yarinyar. Muryarta ta canza, ta yi ƙarfi, tana kauce wa hanya, amma ba ta saɓa lokaci. Ta ce kunnen dama ya fara buɗewa, tana ji sama-sama. Ranar Inna ta ci abinci har da ƙari.

Na so in yarda, Allah ya sani. Amma na lura ba ta taɓa rerawa sai idonta yana kan wayar.

Wata la'asar muna zaune a inuwar katanga, ta miƙo mini wayar in cire ta daga caji. Na danna maɓallin sauti da babban yatsa har ƙasa, na kunna mata wadda ta fi so, na miƙa mata. Ta sa abin a kunne. Hula ta tashi, ta shiga amshi da ƙarfinta, tana kaɗa kai. Babu abin da yake fita daga wayar nan.

Inna ta leƙo daga madafa, hannunta duk gari.

"Kin gani ko? Ke da likitan naki."

Auta ta ɗago ta kalli bakina, don yanzu bakin mutane take kallo. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta mayar da ido kan wayar, ta taɓa maɓallin, ta ga layin sautin babu komai. Ta kalle ni, babu fushi a idon, sai roƙo. Sannan ta danna shi har ya cika, ta samo inda yarinyar katun ta kai, ta ci gaba da rerawa.

Ta kai waƙar har ƙarshe, tana yi wa Inna murmushi. Inna ta ce alhamdulillahi, ta ce in tashi in jiƙa mata wake, gobe za ta yi ƙosan sadaka. Na tashi na jiƙa.