Sunan da Kaka Ta Raɗa Mini

Shekarar da aka tura Babanmu aikin soja kudu, aka kai ni Zuru wurin Kaka, mahaifiyarsa. Ni ɗan bariki ne, ga rawar kai, C'lela kuwa, yarenmu, ko ruwa ban iya roƙo da ita ba. Da an ci tuwo sai Kaka ta iza wuta, ni da Ladi 'yar baffana mu matso.

Akwai labarin da ba ta dariya in za ta ba da shi. Wai a saman dutse, cikin kogon itatuwa masu laima, akwai wata 'yar halitta mai kama da tsaka, amma jikinta jiƙe, yatsunta kamar na jariri. Duk wanda ya gamu da ita sai ya gaishe ta da sunanta, ya wuce. Wata baƙuwar amarya ta hau neman itace, ta gan ta, ba ta san sunan ba, ta kai mata sanda. Da ta sauko ta nemi sunan ƙauyensu ta rasa. Bayan kwana uku sunan uwarta ma ya bi.

"Har ta mutu, 'kai' da 'ke' taka kiran ɗiyanta," in ji Kaka.

Sunan halittar na C'lela ne, ba a faɗinsa a fili. Ta raɗa wa Ladi a kunne. Da ta juyo kaina na zame.

"Kaka, tsaka ce fa."

"Maigida, tsaya ka ji. Sau guda nika hwaɗi."

Ta raɗa. Ɗumin numfashinta kawai na riƙe, don ina ta ƙyalƙyala dariya.

Kaka ta rasu, Ladi ta bi ta. Na tambayi tsofaffi sunan har garin Danko, kowa ya ce iyayensa ne suka sani. Sai da na yi furfura na gane bakinmu na C'lela Kaka take tsoron ya mutu a kaina, kuma abin yana cina.

Bara da damina na hau dutsen duba gonarmu ta gado. A kogon wata bishiya na ga wani ɗan jiƙaƙƙen abu yana kallona. Na tsaya baki buɗe, da ƙyar na ce, "Sannu."

Na san tatsuniya ce. Amma tun ranar, kafin in tashi da safe, sai na kira sunayen 'ya'yana uku a zuci, in tabbatar suna nan.