Jakar da Ke Wuyan Jakin Miludi

Miludi bai taɓa sha'awar birni ba. Shekarar da masu awon gwamnati suka yanke filin danginsu, har da marmaron da ke ciki, suka ba wani Bafaranshe ya dasa inabi, sai ya ɗora matarsa Bahta da tukwanenta a kan jaki suka gangaro birnin Wahran da ke bakin teku. Ba su kaɗai ba. Giyar inabin nan ta tashar jiragen ruwa take fita, tasha na neman 'yan dako, jirage kuma kullum suna sauke sababbin Turawa masu son a yi musu gini. Haka unguwar Hamri ta cika da mutanen ƙauye.

Ƙirjin Miludi ba ya ɗaukar dakon gangar giya a tasha. Amma ruwan famfon Wahran zartsi ne, ko gahawa aka dafa sai an ji gishiri, don haka mai jaki ba ya rasa sana'a: ya ɗebo ruwan daɗi daga bayan gari, ya bi gida-gida.

Sai dai a ƙauyensu sayar da ruwa abin kunya ne. Duk wanda ya kira shi da girmamawa ya ce, "Si Miludi, a zuba mana," sai ya tsiyaya masa ya kawar da kai ya wuce bai karɓi komai ba. Cikin wata guda jaki ya rame, garin alkama ya kusa ƙarewa. Ya ce gara su koma ya yi wa Bafaranshen ƙodago.

"Ɗan baffana," in ji Bahta tana tankaɗen ragowar garin, "ka je ka riƙa sunkuya wa Bature kusa da kabarin kakanmu? Ni dai ƙafata ba ta zuwa."

"To in sayar da ruwan Allah? Me mutane za su ce?"

"Waɗanne mutane? Ga su can a tasha suna dakon giya. Shi jakin nan waliyyi ne da zai yini yana tafiya cikinsa wayam? Ka bar musu ruwan, su sallame shi."

Ta ɗinka 'yar jaka ta rataya wa jakin a wuya. Washegari wata matar Bature ta miƙo masa kuɗi, ya ja hannunsa baya.

"Ba ni ba, Madam. Ga mai aikin can."

Ta yi dariya ta jefa a jaka. Maƙwabta suka gani, suka bi.

Shekara goma sha tara yana wannan zagaye, ya canza jaki uku, bai taɓa buɗe jakar ba. Bahta ce ke kwance ta. Ƙauye kuwa bai koma ba, a Hamri aka binne shi.